Wayar da Ke Ƙarƙashin Filon Gwaggo

Agege, Legas
18 ga Satumba

Gwaggona kuma takwarata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya ƙafar taki, ya ruwa? Mu nan lafiya lau. Baba ma da sauƙi, sai tarin nan da yake yi in ya dawo daga aiki a mayankar Abbatuwa. Ya ce a gaishe masa da yayarsa.

Ki yi haƙuri da rubutun nan kamar tafiyar kaza, rabona da biro tun da na bar aji uku na sakandare. Tun da aka datse muku sabis nake ji kamar an rufe ni a ɗaki, na kira layinki ya fi sau ashirin ko da na san ba zai shiga ba. Allah ya saka wa Iliyasu direba, jiya da ya sauke masara a Mile 12 ya hau motar haya ta danfo takanas ya kawo min takardarki har shagon kitsonmu.

Na karanta maganar kuka sau uku, raina ya ɓaci. Wato don mijinki Malam Sabiru ya rasu, shi ne wani Murtala na gidan yamma zai tashi ya ce bishiyar da kike miya da ita shekara arba'in a filinsu take, zai sare ya ja katanga ya yi shago? Kin ce ba ki da takarda, kuma waɗanda suka san iyaka duk sun mutu sai tsohuwar gidan nasu. Gwaggo, ki kwantar da hankalinki, na san irin wannan shari'ar.

Kar ki yi dariya. Akwai wani fim mai dogon zango da muke kallo a shago ni da Phoebe, abokiyar aikina 'yar Kafanchan, da rana in babu kwastoma kuma an kawo wuta. Labarin wani mai banki ne, ofishinsa a hawa na talatin, yana haɗiye kamfanonin mutane ɗaya bayan ɗaya, da wata lauya da ta rantse sai ta kai shi ƙasa. Turancinsu da sauri yake, rabi nake kamawa, Phoebe ta cika min rabin. Amma abu ɗaya na gane sarai: a wajen manya, gaskiya ba ta aiki sai da hujja. Wanda ya zo da hujja shi ke fita yana gyara kwat.

Ga tsohuwar wayata nan na naɗe a cikin ɗankwali, da caja. Na san babu sabis, ba don kira ba ce. Ki ba da ita a shagon sola a cika mata caji ki ajiye, zan yi miki bayani in kin faɗa min ranar zama.

Akwai man zafi na ƙafa a ledar, da sabulu biyu.

Takwararki,
Ummukulsum

*

Bakori
26 ga Satumba

Takwara,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, Allah ya yi albarka. Man ya yi min amfani. Ki ce wa babanki ya riƙa shan zuma.

Rubutunki ya fi nawa, ni na ajin yaƙi da jahilci ne.

Mai unguwa ya sa zama ranar Asabar ta sama da mai zuwa. Tsohuwar gidan ta san gaskiya, a gabanta aka nuna iyaka. Tana shigowa wurina kullum da hantsi kamar yadda muka saba, muna tsinke zogale, amma in na ɗauko maganar sai ta ce a bar wa Allah. Ba za ta ƙaryata ɗanta a gaban maza ba.

Wayar tana nan cikin kwalla. Ban san me kike nufi da ita ba, kuma raina bai kwanta ba.

Gwaggonki,
Kalsum

*

Agege
1 ga Oktoba

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ƙafa ta ƙara sauƙi. Nan ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, layinmu ya zama kogi, sai ka tattare zani ka bi ta kan titin jirgi.

Kin ga abin da nake faɗa miki? Tana shigowa kullum. To ai an gama.

Bari in ba ki labarin kashi na sha ɗaya. Mai bankin nan yana da wata tsohuwar sakatariya, shekara ashirin tana masa aiki, ta san duk inda ya binne abubuwa amma ta ƙi shiga kotu. Sai lauyar ta gayyace ta cin abinci, ta yi mata hira mai daɗi, ta tambayi jikokinta, ashe waya na cikin jaka tana ɗauka. Ranar shari'a lauyoyinsa goma sha biyu sun jeru suna ta cika baki, ita kuwa ta ɗora waya a kan tebur ta danna. Gwaggo, da kin ga fuskarsa. Phoebe sai da ta saki kan kwastoma ta yi rawa a tsakar shago.

Haka za ki yi. Na zana miki a bayan takardar nan. In kin shafa fuskar wayar sama, akwai hoton makirfo, ki taɓa. Jan da'irar nan ita ce ɗauka. Ki danna kafin ta shigo, ki tura ƙarƙashin filo. Kada ki tambaye ta kai tsaye, ki bi da ita ta hirar da, zamanin Malam, har ta faɗa da bakinta. In ta tafi ki sake taɓa jan. Ranar zama ki bari Murtala ya gama surutunsa tas, sannan ki taɓa alamar nan mai kusurwa uku. Maɓallin gefe na sama shi ke ƙara murya.

Na san za ki ce ba kyau. Gwaggo, ba sata za ki yi ba, ba ƙarya za ki yi mata ba, maganarta ce da bakinta. Mutanen nan ba su ji kunyarki ba, ke ce za ki tsaya jin tasu? Ni dai in aka sare kukar nan ban san da wane ido zan kalli garin kukar da ake sayarwa a nan ba, wanda rabinsa ganyen banza ne.

Ki yi min alkawari.

Ummukulsum

*

Agege
24 ga Oktoba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Lafiya dai ko? Mu muna lafiya.

Sati biyu ke nan da zama, shiru. Iliyasu ya zo sau biyu ba takarda. Na farko na tare shi a bakin tasha na ce ya aka ƙare, ya ce, "An bar wa gwaggonki kuka." Na ce to sai me, ba ni labari mana. Ya ce shi direba ne, ba ya zuwa zaman mai unguwa. Na saya masa ruwan sanyi ma bai sha ba, ya ce yana sauri.

Ni dai na yi murnata. Na sa a status na ce mun yi shari'a daga Legas mun ci a Katsina ba tare da lauya ba. Mutum tamanin da wani abu suka gani. Phoebe ta saya min tsire a Sabo, yanzu Barista take kirana, har oga madam mai shagon ta kama.

Amma shirun nan naki ya fara damuna. Ko ƙafar ce? Ko Murtala ya yi miki wani abu? In barazana yake yi ki faɗa min, akwai yadda ake yi da irinsu, na gani.

Ko layi biyu ne ki rubuto. In kin tsinki kukar bana ki tuna da takwararki.

Ummukulsum

*

Bakori
3 ga Nuwamba

Ummukulsum,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi. Ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba.

Na yi yadda kika zana. Ta shigo da hantsi, muka zauna bakin gado, na ɗauko hirar da. Ta ce, "Kalsum, kukar taku ce, a gabana surukinki ya kafa dutse." Da a nan ta tsaya da sauƙi. Sai ta kama kuka. Ta ce tsoron Murtala take ji. Ta ce watan jiya a kan maganar filin nan har hannu ya ɗaga mata, matarsa ce ta riƙe shi. Ta ce ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko 'yan'uwanta, sai ni. Ina riƙe da hannunta, wayarki tana ƙarƙashin filon da ta jingina.

Na yi niyyar in bar ta a gida ranar zama. Amma Murtala ya tsaya a zauren mai unguwa ya ce Malam Sabiru ya mutu yana cin abin da ba nasa ba. Sai na ciro ta na taɓa mai kusurwa uku.

Kowa ya ji maganar dutse. Mai unguwa ya ce ya isa. To, kin zana min yadda ake ɗauka, kin zana yadda ake kunnawa. Ba ki zana yadda ake tsayarwa ba. Fuskar ta yi duhu, na shafa ta ƙi. Na danna na gefe, sai murya ta ƙaru. Liman ya karɓa ya nemi batir ya cire, ba a buɗe irinta. Ya fita da ita waje don kada na zaure su ji, a waje kuwa ga mutane sun dawo daga kasuwa.

Tana zaune a gefena har aka gama. Ba ta kalle ni ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

An bar min kuka. Murtala kwana biyu bai fito ba, yara na nuna gidan, a na uku ya kwashe matarsa da 'ya'yansa suka koma Funtuwa. Yanzu ita kaɗai ce a gidan.

Shekara tara likkafaninta yana cikin akwatina, nawa yana cikin nata. Mun yi alkawari wadda ta riga, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Washegarin zama ta shigo da sallama, ta ajiye nawa a kan tabarma, ta ce in ba ta nata. Na ba ta. Ta fita.

Ban ɗora miki ba, ni ce babba, ni na tura ta ƙarƙashin filo. Amma zan gaya miki abin da ya sa na yarda. Na ce a raina, in har ke da kika sha nononta ita Asama'u wata goma sha huɗu bayan rasuwar mahaifiyarki kika ga babu laifi, to wataƙila ilimin zamani ne ni ban sani ba.

Ga wayarki. Ban tsinki kuka ba.

Kalsum

*

Agege
9 ga Nuwamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Ina fata kina lafiya.

Wallahi tallahi ban san Inna Asama'u ce ba. Kin rubuta gidan yamma, kin rubuta tsohuwar gidan, ni kuma ina da shekara huɗu Baba ya taho da ni, ban san wane gida ne yamma wane ne gabas ba. Sunanta na sani, Baba yana faɗa duk sallah, Inna Ma'u da ta shayar da ke. Ban taɓa haɗa ta da uwar Murtala ba. Amma kin san me ya fi ci min rai? Ban tambaya ba. Kin ce tana shigowa kullum kuna tsinke zogale, ya kamata in ce wace ce wannan da take zama a kan gadonki. Ni kawai na ga sakatariya. Kuma ko da ba ta shayar da ni ba, ai tsohuwar wani ce, a ɗakinki take.

A shago na karanta takardar, ina tsakiyar yi wa wata kitson shuku. Na ce mata cikina ke ciwo, na shiga bayan shago na tsuguna kusa da jarkokin ruwa. Phoebe ta biyo ni tana cewa Barista lafiya, na ce don Allah kar ki ƙara kirana haka. Na karanta mata. Sai ta ce a garinsu ma gara tsohuwa ta mutu da yunwa da a ce ɗanta ya ɗaga mata hannu a ji a waje. Ita ta ƙarasa min kitson.

Status ɗin ya riga ya goge da kansa, amma mutum tamanin sun gani, har yau wasu na turo min suna cewa a ba su lambar lauya. Ba na amsawa.

Baba na gaya wa jiya da safe kafin ya fita. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi so. Ya ce lokacin da Mama ta rasu ina wata uku, ba kuɗin madara, Inna Ma'u tana goyon autarta, ita ta aiko aka ɗauke ni ba wanda ya roƙe ta. Ya ce to Murtala ma yayanki ne na nono, kin sani? Ya sa hularsa ya fita, kokonsa ko taɓawa bai yi ba.

Wani abu kuma, ki ce min mahaukaciya. Na koma na bi fim ɗin daga kashi na sha biyu har na sha shida, ina jan shi da yatsa, ba kallo nake ba, sakatariyar nan nake nema. Ba su ƙara nuna ta ba. Ko sau ɗaya. An ci shari'a, lauya ta sayi sabuwar mota, an shiga wata rigimar. Ita matar ko ta koma gida, ko 'ya'yanta sun gani, ba wanda ya ce. Da muka kalla da farko ni ma ban lura ba.

Ga wata takarda a ciki, ta Inna ce. Na san ba ta karatun boko. In za ki iya ki karanta mata. In ba za ki iya ba ki ƙona, ba zan ce komai ba, na daina ba da shawara.

Ummukulsum

*

Zuwa ga Inna Asama'u,

Assalamu alaikum Inna. Ni ce Ummukulsum ta Legas, wadda kika shayar.

Wayar tawa ce. Dabarar tawa ce. Gwaggo ta rubuto min ta ce ranta bai kwanta ba, ni na matsa mata, har zane na yi mata. A fim na gani, na ɗauka wayo ne.

Zan faɗa miki wani abu don kada ya zama na ɓoye. Da wayar ta dawo na saurara, sau ɗaya, ni kaɗai, da abin kunne. Bai kamata ba. Amma ban san muryarki ba Inna, ban tuna ta ba, sai a nan na fara ji, kina kuka. Daga nan na goge. Ban tura wa kowa ba, ba kuma inda ta saura.

Na san gogewar ba ta dawo da komai ba, mutanen kasuwa ba waya ba ne. Ba zan iya dawo miki da Yaya Murtala ba. Ban ce ki yafe min ba, wannan sai ranar da kika ga dama, ko babu ranar.

Abu ɗaya nake roƙo. Gwaggo ba ta da kowa a garin nan da zai yi mata wanka sai ke. Ni ina nan nesa, kuma ban iya ba.

'Yarki in kin yarda,
Ummukulsum

*

Bakori
12 ga Disamba

Takwara,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an gama girbi. Ki gaishe da babanki, ki ce ya ci abinci, ba ke kaɗai kika yi ba.

Takardar Asama'u ta kwana goma a wurina. Na je ƙofarta sau biyu na dawo. Ran nan da la'asar na ji tana shara a bayan katanga, sai na tsaya daga ɓangarena na ce, Asama'u, ga saƙo daga Legas, ba sai kin amsa ba. Na karanta da ƙarfi yadda zan iya. Tsintsiya ta tsaya. Da na gama ta ci gaba da shararta.

Sati guda ba labari. Ranar Juma'a da hantsi sai ga sallama. Ta shigo da ƙullin likkafaninta ta ajiye a kan akwati, ta ce gidanta akwai gara. Na ɗauko nawa na miƙa mata, ta karɓa ta sa a hammata. Ba mu yi maganar ba, har yau.

Murtala bai dawo ba. Matarsa ta aiko mata da shinkafa sau ɗaya. Kukar tana nan, ganyen bana ya zube a ƙasa awaki sun cinye, ni da ita ba wadda ta taɓa. Wajen Mastura mai koko nake sayen garin miya.

Ta ba ni saƙo gare ki. Ta ce a gaya wa yarinyar nan tun tana jaririya cizo gare ta. Ta ce kuma in kin zo sallah ki shigo ta ga yadda kika zama. Ban san ko yafewa ce ba, haka dai ta faɗa.

An ce an fara sako sabis a wasu garuruwa. Ko ya zo nan ki ci gaba da rubutowa, na fi gane takarda.

Tana shigowa yanzu, ba kullum ba. Muna tsinke zogale, muna hirar tsadar gishiri da ciwon ƙafa. Sai dai kafin ta zauna bakin gado takan ɗaga filon ta duba, ta mayar, sannan ta zauna. Ni kuma sai in kalli ƙofa har ta gama.

Gwaggonki,
Kalsum